Me ya sa 'yan Koriya, Japan da Sin ba sa ga maciji da juna?

Tambaya: Ina yawan kallon finafinan Koriya, sai na lura a intanet 'yan Koriya da 'yan Japan da 'yan Sin ba sa raga wa juna. Mu a nan kusan kama ɗaya muke ganinsu. Mene ne asalin wannan tsama?

Amsa: Malama, kamar fuska ba ta cikin lissafinsu. Tushen abin mulkin mallaka ne da yaƙi, kuma mafi yawansa Japan ce ta jawo.

Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945. A 1940 aka matsa wa 'yan Koriya su ɗauki sunayen Japanawa, a shekarun yaƙin kuma aka kwashi maza aikin ƙarfi a ma'adinai da masana'antu, aka tilasta wa mata zama a gidajen da sojoji ke lalata da su. Tun kafin nan, bayan girgizar ƙasar yankin Kanto na Japan ta 1923, an baza jita-jita cewa 'yan Koriya na zuba guba a rijiyoyi, aka kashe dubbansu. Ita kuwa Sin, ciwonta kisan da sojojin Japan suka yi ne a birnin Nanjin a Disambar 1937, inda gwamnatinta ke cewa mutum 300,000 suka mutu.

Me ya hana miki warkewa? Japan ta sha ba da haƙuri, amma sai a fama shi. A 1978 aka sanya sunayen manyan masu laifin yaƙi 14 a wurin ibadar Yasukuni da ke Tokiyo, don haka duk shugaban da ya je can, Seoul da Bejin sai sun yi tir. Ga batun diyya kuma. Japan na cewa yarjejeniyar da ta ƙulla da Koriya ta Kudu a 1965, inda ta ba da dala miliyan 300 kyauta da miliyan 200 bashi, ta rufe maganar. Kotun ƙolin Koriya ta Kudu ta ce a'a a 2018, ta umarci kamfanonin Japan su biya tsofaffin ma'aikatan. Shekara ta zagayo Japan ta taƙaita sayar mata da sinadarai uku na haɗa kayan lantarki, 'yan Koriya suka ƙaurace wa giya da tufafin Japan.

Tsakanin Sin da Koriya ta Kudu kuwa, gardamar "wa ya fara" ce ta fi tashe. A 2020 wata jaridar gwamnatin Sin ta yi rubutu kamar kimchi, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da barkono har ya yi tsami, reshen abincinsu ne. Abin dariya a wajenmu, amma ƙasar da aka taɓa hana ta sunanta ba ta wasa da tukunyarta.

Masu ji a jikinsu su ne jikokin 'yan Koriya da ke Japan, waɗanda aka raba kakanninsu da takardar zama ɗan ƙasar Japan a 1952. Da yawansu har yau sunan Japanawa suke amfani da shi wajen neman aiki ko hayar gida. Dokar hana kalaman ƙiyayya ta 2016 ba ta tanadi hukunci ba. Birnin Kawasaki ne ya fara sa tara, har yen 500,000.