Takardar Baba ta nuna kiriyatinin 14, shin ƙodarsa ta lalace ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, barka da aiki. Daga unguwar Birni nake nan Damagaram. Babana shekararsa 58, ya daɗe yana fama da tansiyo, satin da ya wuce aka tura shi labo aka ɗebi jini, takarda ta fito an rubuta créatinine 14, urée 0,55. Maƙwabcinmu da ke ganin likita a Kano ya duba yace shi nasa 1,1 ne, wai mai 14 ai sai wankin ƙoda. Wallahi tun ranar Inna ba ta barci. Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin komi je ka ce wa Inna ta kwanta ta yi barcinta, maƙwabcinku da tiya ya auna, ku kuma da kwano, shi ne duk rikicin.

Ɗauko takardar ka duba ƴan haruffan da ke gaban lambar. Labo da yawa a nan Nijar da mg/L suke rubutawa, wasu wurare kuma mg/dL, wasu µmol/L. 14 ɗin Baba in mg/L ne, to shi ne 1,4 mg/dL a ma'aunin maƙwabcinku, ko wajen 124 µmol/L. Ga namiji babba ana son a ga 7 zuwa 13 mg/L, ga mace ƙasa da haka kaɗan. Ka ga ya ɗan haura ne, bai yi tashin gwauron zabi ba.

Amma fa ban ce ku jefa takardar ƙarƙashin katifa ba. Kiriyatinin datti ne da naman jiki ke fitarwa kullum, ƙoda ta tace shi ya fita ta fitsari, in tacewar ta yi rauni sai ya taru a jini. Matsalar ita ce ba ya saurin tona asiri, ƙoda na iya rasa kusan rabin ƙarfinta kafin lambar ta fita daga layi, kuma 14 a jikin ƙaton ɗan kokawa daban, a jikin dattijo siriri daban. Shi ya sa muke haɗa shi da shekaru da jinsi mu fitar da DFG, wato yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Sama da 90 lafiya lau, ƙasa da 60 in ya daɗe haka wata 3 shi ne ake kira ciwon ƙoda mai ɗorewa, maganar wanki kuwa sai an sauko ƙasa da 15. Na Baba da na lissafa wajen 58 ne, a bakin gaɓa yake.

Ita ure, wato urée ɗin da ke takardar, wani dattin ne da ƙoda ke fitarwa, ba na ba ta muhimmanci sosai ita kaɗai. Mutum ya wuni kasuwar Dole cikin zafin watan Afrilu bai sha ruwan kirki ba, ko ya ci kilishi da balangu da dare, da safe sai ka ganta ta wuce 0,45 g/L. Naman ma yakan ɗan ɗaga kiriyatinin na ƴan awoyi.

To ku koma wajen likitan da ya rubuta gwajin, a maimaita bayan kamar sati biyu, sannan bayan wata 3, wannan karon ba nama daren gwajin kuma ya sha ruwa yadda ya saba. Ku roƙi a duba fitsari ko akwai furotin, wannan gwajin mutane ke tsallakewa alhali sau da yawa shi ke fara nuna ɓarnar tansiyo da ciwon suga. Abin da ya fi damuna ma diklofenak da ibuprofen da ake saye wajen ƴan tebur don ciwon gwiwa, da sassaƙe-sassaƙen da ba a san me ke ciki ba, waɗannan ya aje su. Gishiri da magi a rage, maganin tansiyo kuma kar ya tsayar da kansa. In ƙafa ko fuska ta kumbura, ko fitsari ya ragu, ko amai da haki, ba jiran sati biyu, sai asibiti a ranar. Ranar komawa ka zuba duk abin da yake sha a leda, har na gargajiyan, ku tafi da shi.