Damo, guza da ƙadangaren bakin tulu

Wani mai karatu daga Azare ya tambaya ko damo da guza abu ɗaya ne, da kuma dalilin kirarin "damo sarkin haƙuri".

Malam, dangin juna ne, amma kowa da halinsa. Guza dogo ne mai zafin rai, mazaunin bakin kogi da fadama, gwanin iyo, har ƙwan kada yakan tono ya shanye. Damo kuwa gajere ne kakkaura, ɗan tudu, a makiyaya da burtali za ka same shi cikin rami ko tsohon suri. Fara da katantanwa da ƙwari ne cimarsa. Rani na kamawa sai ya shige rami, ya yi watanni da kitsen da ya tara da damina. A ganina daga nan sarautar ta fito, ga shi kuma ko an kama shi bai kai guza faɗa ba. Kirarin yakan zama yabo, yakan kuma zama zambo ga wanda ake cuta yana shiru. Sai ka lura da wanda ake yi wa.

Haƙurin ne ke ja masa. Masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya a rami suke tarar da shi, ga masu son nama da masu sayen fata. Kunkuru ma wutar nan ba ta barinsa. Tun 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya a Arewacin Nijeriya, amma gonaki sun cinye da yawa, suka haɗa da ramukan.

Wata kuma daga Maraɗi ta nemi ma'anar "ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa".

Malama, ana faɗa wa abin da hukunta shi asara ne, ƙyale shi ma asara. Makiyayi da maciji haka suke. Kububuwa na kisa, shi ya sa ake da asibitin masu saran maciji a Kaltungo, amma in an ƙarar da macizai ɓeraye sun sami gari. Mesa ma ba ta da dafi. Takalmi mai rufe idon sawu da tocila da dare sun fi sanda amfani. Masu wanke tankin feshi a mashayar shanu kuma su daina, don ta fata kwaɗo ke shan ruwa, guba na shiga tafki kwaɗo na cikin masu fara mutuwa.