Surukata ta sayo man turare da man kanumfari don jaririna, in ba shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah a taimaka mini, hankalina ba a kwance yake ba. Ɗana watansa takwas, mura ta toshe masa hanci, ga haƙora suna fitowa. A gidanmu akwai bishiyar gwaba da ta turare, kuma tun zuwana gidan da ganyensu Hajiya, surukata, take mana magani. Jiya ta sayo ƙananan kwalabe biyu wajen masu tallar magani a mota, ɗaya man turare, ɗaya man kanumfari. Ta ce a ɗiga masa na farko a hanci da baki, na biyun a goga masa a dasashi. Da na yi jim, sai ta ce ai ganyen da muke sha ne aka tace. Ban ba shi ba tukuna. Sannan maigida yana son ƙara shuka turare a bayan ɗaki. Ina mafita? Daga wata uwa a Dutse.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ba shi, ko ɗigo ɗaya, a hanci ko a baki ko a dasashi. Kwalaben nan biyu kuma yau ɗin nan su koma saman durowa ko cikin akwati mai makulli, domin sauran yaran gida masu rarrafe da masu tafiya sun fi shi shiga haɗari.

Hajiya ba ta yi ƙarya ba da ta ce daga ganye aka samo man. Gwaba da turare, wanda wasu ke kira zaiti, da kanumfari, duk dangi ɗaya ne, har da malmo da ke fitowa a bakin rafukanmu. Tsinko ganyen turare ki ɗaga shi sama saitin rana, za ki ga ƙananan ɗige-ɗige kamar an soka allura. A cikinsu man yake. Murza shi ki shinshina, ƙamshin nan da ya daki hancinki shi ne.

To amma nawa ne man a cikin ganyen? A nan gizo ke saƙa, kuma kullum sai na maimaita wannan bayani har na gaji da jin muryata. Ganyen turare kilo 100 ake turarawa a tace kafin a samu lita ɗaya zuwa uku na mai. Idan Hajiya ta jefa ganye biyar a tukunya, ɗan abin da ke cikinsu ma rabi ya bi tururi ya tafi, saura kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. Kwalbar da ke hannunki kuwa ba ganye biyar ba ce, buhu ne aka matse ya koma 'yan cokula. Wanda ya ce miki duk ɗaya ne, ki tambaye shi ko zai sha fiya-fiya don ya ji an ce sauro kawai take kashewa.

Sinadarin da ya fi yawa a man turare ana kiransa siniyol. Yana shiga jini da sauri, ya wuce ƙwaƙwalwa. Yaro ƙarami da ya haɗiyi abin da bai cika cokalin shayi ba yana iya fara layi kamar wanda ya bugu, ya yi amai, barci mai nauyi ya ɗauke shi, wani kuma jijjiga ta kama shi, sau da yawa cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Ɗigawa a hanci ma ba tsira ba ce, don hanci da maƙogwaro hanyarsu ɗaya, man yakan gangara ya sarƙe yaro ya shiga huhu. Shi ya sa ko man shafawa na Vicks, wanda man turaren cikinsa ɗan kaɗan ne, an rubuta a jikinsa cewa ba na yaron da bai kai shekara biyu ba ne. Kamfani da kansa yana ja da baya, amma mai lasifika a kan mota yana rantsuwa da Allah cewa daga jariri har tsoho kowa ya sha.

Na kanumfari ya fi ba ni tsoro. Kanumfarin da kike sa wa a kunu da zoɓo da shayi ba shi da laifi, ki ci gaba da abinki. Amma mansa kusan kashi 70 zuwa 90 cikin 100 sinadarin yujinol ne, wanda likitocin haƙori ke amfani da shi a ma'auni ƙanƙani don yana kashe zafi. A dasashin jariri ƙuna yake yi, in ya haɗiye kuma hanta yake nufa. A 1993 likitoci a Birtaniya sun wallafa labarin wani yaro ɗan shekara biyu da ya sha tsakanin cokalin shayi ɗaya da biyu na man kanumfari: ya suma, ya yi jijjiga, hantarsa ta taɓu, jininsa ya daina daskarewa yadda ya kamata. Da ƙyar aka ceto shi, a ƙasar da ke da kayan aiki. Mugun abin shi ne hanta ba ta kuka nan take. Yaro na iya farfaɗowa a ce an ci sa'a, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ido ya yi rawaya. Bari ma in faɗa tunda an zo wajen: matan da ke cusa kanumfari ko mansa a gaba da sunan maganin sanyi, saboda wata ta faɗa a Facebook, ƙone kansu suke yi, sanyin kuma yana nan.

Na taɓa tsayawa a kan wata yarinya 'yar shekara ɗaya da rabi da aka kawo da magariba. Tun daga ƙofa ƙamshin turare ya riga su shigowa. Gaban rigarta jawur da manja, kakarta na riƙe da wata 'yar kwalba ruwan ƙasa, babu suna, babu kwanan wata, murfin ma da leda aka ɗaure. Da suka ga ta sha, sai suka ɗura mata manja, suka sa mata yatsa a maƙogwaro don ta amayar. Wannan taimakon ya fi man wahalar da mu, don aman ne ya koma huhu. Ta tashi, amma sai da ta yi kwanaki ana ƙara mata iska. Saboda haka ki riƙe wannan, ki faɗa wa maƙwabta: in yaro ya sha irin wannan mai, ba a sa shi amai, ba manja, ba madara, ba ruwan gishiri. A kwantar da shi a gefensa, a ɗauki kwalbar, a nufi asibiti ko da yana wasa yana dariya.

Abin da ke ƙona mini rai, masu sayar da kayan nan ba ɓoyewa suke ba. Suna tsakiyar kasuwa ranar cinta, lasifika har unguwa uku ana ji, kwalba ba lambar NAFDAC, ba ma'auni, ba wanda ya san ko an sirka da kananzir. Jami'ai na wucewa ta gabansu kullum.

Shi kuwa ɗanki, ki nemi ruwan gishiri na ɗigawa a hanci da ake sayarwa a kemis, ɗigo ɗaya ko biyu kafin ki ba shi nono, ki yawaita shayarwa. Kada a lulluɓe shi da bargo a kan tukunya da sunan sirace, ƙunar ruwan zafi ta fi mura muni. Dasashi kuma ki wanke hannu ki riƙa murza masa a hankali, ko ki ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza. In jikinsa ya yi zafi a je a gwada jini, kada a ce haƙori ne. In kin ƙirga numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya yana kwance shiru, ko kin ga ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki, ba jira.

Hajiya kuma kada ki yi mata musu gaba da gaba. Maigida ya kamata ya yi maganar, ya ce mata an tambaya an ce man na manya ne, kuma shafawa ake yi bayan an sirka, ba sha ba. Ganyen gwabarta ki bar mata, yana rage zawo ga babba. Amma yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ne maganinsa, ganye ba ya mayar da ruwan da jiki ya zubar.

Batun shuka, ki ce wa maigida ya haƙura da bayan ɗaki. Irin turaren da ya fi yawa a wajenmu asalinsa daga bakin kogunan Ostareliya ne, can ya saba da shan ruwa yadda ransa ke so. An kawo shi ne don kare iska da samar da itace, kamar layukan da aka shuka wajen Dambatta, kuma a can ya yi aikinsa. A cikin gida saiwarsa bin danshi take yi har ta fasa salga ta leƙa rijiya, abin da aka shuka ƙarƙashinsa ba ya yin kirki, sannan yakan saki babban reshe ba iska ba hadari. Ya kai shi bakin gona, ko aƙalla mita 20 daga gini.

A dangin nan gwaba ma baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta zo, kanumfari daga tsibiran Maluku na Indunusiya kafin Zanzibar da Pemba su shahara da shi. Namu na gado shi ne malmo, ɗan'uwan kanumfari na kusa, mai 'ya'ya baƙi-baƙi da yara ke tsinka a kurmi, ga inuwa mai duhu, ga ƙudan zuma na son furensa. In kuna da gona a fadama ku sa shi. Ƙwallon ba ya jure ajiya, don haka da an sha 'ya'yan a binne shi a leda da ƙasa mai danshi, a dasa da faɗuwar damina.