Yaya, ba yunwa ake gudu ba

Yaya kin ce kin ga bidiyon kantunan nan an kwashe kaya tas, kina tambaya wai yaƙi ake ko yunwa ce ta shigo Amurka, kuma wai mu ma Hausawan da ke nan muna shiga wannan rububin? Toh muna shiga mana, sai dai ba wai abinci ne ya ƙare a gari ba. Abinci na nan jibge a sito, dusar ƙanƙara ce take toshe hanyar da zai bi ya iso idan ta sauka da yawa lokacin sanyi, ke kanki ƙofar gidanki sai ta gagare ki buɗewa, sayayyar nan duk ta kwanakin da ba mai iya zuwa wajenki ce, ke ma ba ki iya zuwa wajen kowa.

Mu nan Bafalo a jihar Niyok lamarinmu daban ne saboda muna bakin tafkin Eri. Idan iska mai tsananin sanyi ta ratso ta saman tafkin tun ruwan bai daskare ba sai ta kwashi danshi ta zo ta juye mana shi dusar ƙanƙara, kuma a siririn layi take zubawa, sai ki ga wata unguwa rana ake, wata kuma da ba ta fi tafiyar minti ashirin ba an binne motoci. A Nuwamban 2014 garuruwan da ke kudu da birnin sai da suka samu wajen ƙafa 7, wato ta fi tsawon mutum. Amma wadda ta canza mana tunani ita ce ta Disamban 2022. Ranar Juma'a 23 ga wata ta fara, iska na gudun sama da mil 70 a awa, ko hannunki kika miƙa da kyar ki gan shi, aka hana tuƙi a cikin birni kusan mako guda, motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana su ma suka maƙale a hanya. Sama da mutum 40 suka rasu a yankin nan, wasu cikin mota, wasu a kan titi sun fito da ƙafa, wasu a gidajensu ba ɗumi, wasu kuma ciwo ne ya taso aka kira agaji ba hanyar zuwa. Tun daga nan ba wanda yake wa sanarwar masu hasashen yanayi dariya a cikinmu.

Su sanarwar ma mataki mataki ce, akwai ta a zauna cikin shiri wadda ake bayarwa tun da sauran kwana ɗaya ko biyu, akwai kuma ta gargaɗi cewa abu ya iso. Wanda ya jira ta biyun shi ne kike gani a bidiyo yana kokawa a kan burodi. Su mutanen nan burodi da madara da ƙwai suke fara wawura, har barkwanci suke wa kansu a kai. Mu matan nan gaskiya tun watan Oktoba muke fara tarawa kaɗan kaɗan, duk fita kasuwa a ƙaro abu ɗaya, so idan an yi sanarwa abin da ya rage bai wuce na jarirai da ɗan abin marmari ba.

Abin da sabon zuwa ba ya ganewa, buhun shinkafa ba shi ne shiri ba. Da yawan gidajen haya murhunsu na lantarki ne, wuta na ɗaukewa shinkafar nan ta zama ado. Don haka dole a ajiye abin da za a ci ba girki, kifin gwangwani, wake na gwangwani, biskit, man gyaɗa na shafa wa burodi, dabino, madarar kwali da ba ta buƙatar firji, kuma kar a manta da abin buɗe gwangwani na hannu, wlh akwai masu kaya cike da kabad amma ba abin buɗewa. Ni abin da nake yi ana gobe za ta sauka nakan dafa tukunya biyu manya, in cika duk filas ɗin gidan da ruwan zafi. Firji idan ba a yawan buɗe shi yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kuma har kwana 2.

Ruwa kuwa hukumomin nan cewa suke galan ɗaya ga kowane mutum kullum, na aƙalla kwana 3. Mu wannan lissafin bai ishe mu ba saboda su ba su sa alwala da tsarki a ciki ba, don haka mukan ƙara mu cika bokitai har da bahon wanka. Za ki ce ga ƙanƙara ko ina ai ruwa ne, toh da me za ki narkar da ita in ba wuta, kuma bokiti guda in ya narke ɗan kaɗan yake bayarwa. Sannan famfon gida shi ma sai an lallaɓa shi, ruwa in ya daskare kumbura yake ya fasa bututu a cikin bango, sai a bar famfo yana ɗiga dare da rana, a buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumin ɗaki ya shiga.

Magani shi ne na fi damuwa da shi fiye da abinci. Mai hawan jini, mai suga, mai asma, a karɓo na gaba tun kafin na hannu ya ƙare. Mai juna biyu da ta kusa wata tara ba ma barinta ita kaɗai a gida, ko ta koma wajen wadda ta fi kusa da asibiti ko wata ta je ta kwana da ita.

Sai maganar ɗumi, nan ne ake asarar rai a banza. Ko hitar gidan ta gas ce, fankar da ke tura ɗumin lantarki take ci, so wuta na tafiya gida ya fara hucewa. Dabarar ita ce kowa ya dawo ɗaki ɗaya, a rufe sauran, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a sa kaya kashi kashi maimakon riga mai kauri guda ɗaya, yara a tsakiya. Abin da muke ta nanata wa juna, ba a kunna gawayi a cikin gida, ba a buɗe oven ɗin gas don jin ɗumi, janareta kuma waje nesa da taga aƙalla ƙafa 20, ko gareji ba a yarda ba. Iskar kabon monoksayid mai guba da waɗannan ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da barci kawai mutum zai ji. A Teksas a Fabrairun 2021 da wuta ta ɗauke wa miliyoyin gidaje, gwamnatin jihar ta ƙirga mutum 246 da suka mutu, cikinsu har da waɗanda wannan iskar ta kashe suna neman ɗumi. Shi ya sa na'urar da ke ƙara idan ta ji iskar take cikin abin da muke duba batirinta duk farkon sanyi, tare da tocila. Mota ma haka, tanki cike, bargo da ƙaramin shebur a but, wanda ya maƙale ya zauna cikinta amma ya dinga fita yana share bakin salansa kafin ya tada inji.

Kin tambayi sallah. Masallatai kan sanar a waya cewa kowa ya yi a gida, har Juma'a in abin ya yi tsanani sai a yi azahar, malamai suna kafa hujja da hadisin da aka ce wa ladan a dare mai sanyi da ruwa ya sanar a yi sallah a gidaje. Dattawanmu wasu sai an yi da gaske suke haƙura, amma yanzu da sauƙi.

Akwai kuma abin da ba a saye a kanti. Muna da zauren WhatsApp, ana yin sanarwa sai a fara kiran suna gida gida, wa ke da jariri, wa mijinta ke aikin dare ko yana kan hanya da tirela, wane ɗalibi ne ya zo bana bai taɓa ganin sanyin nan ba. Ɗaliban nan su suka fi ban tsoro, ɗaki ba komai sai indomi da katin banki, suna ganin ai ko yaushe za a yi oda a kawo, sai a aika a ɗauko su su kwana gidan masu iyali. Masu aikin asibiti kuma da jakar kaya suke tafiya don sun san ba lallai su dawo ranar ba.

In ta lafa sai aikin shebur, doka ce ma ka share hanyar ƙafa ta gaban gidanka ko a ci ka tara, a watsa gishiri don kar ta zama santsi. Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara nauyi gare ta sosai, duk shekara ana jin wanda zuciyarsa ta buga yana kwasa, don haka mun hana iyayenmu maza taɓa shebur, samari ake rabawa unguwa unguwa su fara da gidajen tsofaffi da na matan da mazansu ba sa gari, maƙwabta ma da ba namu ba in an ga tsohuwa ita kaɗai a haɗa da nata.