Amsar Tambayarki a Kan Dusar Ƙanƙara

'Yata, saƙonki ya iso ni lafiya, na kuma ga hotunan da kika turo. Kin ce dusar ƙanƙara ta sauka a garin da kike karatu bayan an yi shekaru ba a gan ta ba, maƙwabtanki suka fito da tsakar dare, manya da yara, suna jifan juna da ita, har wata dattijuwa mai furfura ta cura ta jefe ki tana ƙyalƙyala dariya. Kina tambaya ko al'ada ce mai tushe ko kuwa shiririta ce kawai, kuma ko ya dace ki shiga ciki.

Al'ada ce, kuma ta daɗe. A farkon shekarar 1494 dusar ƙanƙara ta sauka da yawa a birnin Florence na ƙasar Italiya, sai mai mulkin birnin, Piero de' Medici, ya aika aka kira Michelangelo, mai sassaƙa da zane da ya shahara daga baya, wanda a lokacin bai cika shekara 20 ba, ya sa shi ya gina masa mutum-mutumi da ita a farfajiyar gidansa. Bikin dusar ƙanƙara na Sapporo a Japan, wanda yau miliyoyin mutane ke halarta, ya faro ne a 1950 da siffofi shida kacal da 'yan makaranta suka gina a wani lambun birnin.

Amma abin da kika gani ya ɗan bambanta da na ƙasashen da suka saba da ita, domin wanda yake share ta daga ƙofar gidansa wata huɗu a kowace shekara ba ya barin barcinsa don ya kalle ta. Murnar tana tsananta ne a inda ba a saba ba. Ranar 9 ga Yuli 2007 ta sauka a Buenos Aires ta Ajantina, rabonsu da ita tun 1918, mutane suka cika tituna. Ranar 11 ga Janairu 2008 ta sauka a Bagadaza ana tsakiyar yaƙi, tsofaffin birnin da dama ba su taɓa ganinta ba, suka fito suna tara hannu kamar jikokinsu. A Ain Sefra ta Aljeriya, bakin hamadar Sahara, ta rufe jan rairayi a Disamba 2016. A irin wannan rana babba ba shi da wata ƙwarewa da zai nuna wa yaro, dukkansu baƙi ne a gabanta, kuma a ganina dalili ke nan da ya sa dattijuwar nan ta manta da shekarunta.

Ni kaina ina da shekara tara na gan ta, a shekarun da aiki ya kai kakanki ƙasar waje, a wani gari da sanyinsa ruwa ne da iska, ba kasafai yake kaiwa ga ƙanƙara ba. Kakanki ya tashe mu bayan sallar asuba ya ce mu leƙa taga. Abin da ya fara kama ni shi ne shirun da garin ya yi, ko ƙarar mota ba a ji. Sai da na girma na fahimci cewa sabuwar dusa cike take da iska a tsakanin ƙwayoyinta, shi ya sa take haɗiye sauti. Mutumin nan da ban taɓa ganin ya yi gudu ba, wanda gyaran muryarsa kaɗai ke sa mu nutsu, shi ne ya fara dunƙula ta ya jefi mahaifinki a ƙeya, sannan ya ruga ya laɓe a bayan bishiya. Mun yi wasa babu safar hannu har yatsunmu suka sandare, muka koma ciki muna kuka za mu kara su a wuta, kakarki ta hana, ta tsoma su a ruwa mai ɗumi kaɗan, kuma ita ce da gaskiya, domin hannun da ya mutu da sanyi yana iya ƙonewa mai shi bai ji ba. Kafin azahar komai ya narke ya zama taɓo.

Akwai ma abin da ke taimaka wa wasan a irin garinku. Inda sanyi ya yi tsanani ƙwarai, dusar takan bushe ta zama kamar gari, ko an dunƙula ta sai ta watse. Inda take zuwa jefi-jefi kuwa, tana sauka ne lokacin da ma'aunin zafi yake kusa da sifili, tana da ɗan danshi, don haka tana curuwa da sauƙi, kuma wannan danshin ne yake sa ta saurin narkewa, kowa yana gaggawar fita kafin ta tafi.

Saboda haka ki shiga, amma wasan yana da ladabinsa. Ba a jifan fuska, ba a jifan mai tuƙi ko mai wucewa da bai nuna yana so ba, ba a kuma sa tsakuwa ko daskararriyar ƙanƙara a cikin curin. Idan zuciyarki ba ta kwanta da gina siffar mutum ba, ki gina ɗaki ko hasumiya, babu mai ganin laifinki. Washegari ne hatsarin yake, idan abin da ya narke ya sake daskarewa hanya ta yi santsi. A Jamus da biranen Amurka da dama doka ce ma mai gida ya share gabansa. Ki ɗauki shebur ki share ƙofar dattijuwar nan kafin ta fito, in kuma ta sake jifanki, ki rama a kafaɗa, a hankali.

Baffanki.