Amfilifayar Baba tana gurnani: laifinta ne ko na dikoda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji amfilifaya ƙirar Sansui AU-717 daga mahaifina, na haɗa ta da talabijin da dikoda a falo saboda kallon ƙwallo da fina-finai. Sautinta akwai daɗi, sai dai wani gurnani "huuum" ba ya yankewa a lasifikun biyu, kuma in na murɗa abin ƙara murya sai in ji ƙaraf-ƙaraf. Mai gyara ya ce a canza mata kapasitoci gaba ɗaya, wato 'yan kayan cikinta da ke tara wuta. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, ya bar maka abin kirki. Kamfanin Sansui na Japan ya fito da wannan samfurin a 1977, tana ba da wat 85 a kowane ɓangare, kuma har gobe masu son sauti na nemanta. Amma kada ka ba da kuɗin gyara tukuna, don ina kyautata zaton gurnanin daga waje yake shigo mata.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Kashe ta, zare duk wayoyin da ke shigar mata da sauti, ka bar na lasifika kawai, sannan ka kunna. In gurnanin ya ɗauke, to ta wanku. Sai ka riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kana kashe ta kafin kowace, har ka kama wadda ta dawo da shi. Sau da yawa wayar da ta sauko daga kwandon setilayit zuwa dikoda ce mai laifin. Warware ta ka saurara.

Dalili kuwa shi ne, kowace na'ura tana da abin da take ɗauka a matsayin ƙasarta ta lantarki, wato matakin sifili da take auna wutarta da shi. In ƙasar kwando da ta talabijin da ta amfilifaya suka ɗan saɓa, 'yar wuta kaɗan za ta riƙa zagayawa ta cikin ragar da ke lulluɓe da wayar sauti. Ita kuwa amfilifaya aikinta ƙara duk abin da aka ba ta, ba ta san wannan sharhin ƙwallo ne, wancan shara ce ba. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa gurnanin yake da kauri haka.

Fara da jona su duka a soket guda. In bai yi ba, akwai 'yar taransifomar raba ƙasa da ake sakawa a tsakiyar wayar sauti. Abin da na fi so dai shi ne wayar haske, wato oftikal: ba ƙarfe a cikinta, don haka wutar ba ta da hanyar bi. Sansui ɗinka ba ta da ramin wannan waya, sai ka sayi ƙaramin akwatin da ke juya sautin dijital zuwa na wayar nan mai kai ja da fari, ka kuma shiga saitin sautin talabijin ka zaɓi tsarin da ake kira PCM, in ba haka ba za ka ji shiru ko wata tsuwa mara daɗi. Duba kuma ba a ramin PHONO ka jona ba. Wannan na garmaho ne, yana ninka sauti fiye da kima. AUX ko TUNER ne wurinka. Wasu za su ce maka ka karya ƙafar ƙasa ta fulogi. Gurnanin kan tafi, amma ranka ka sa a caca.

To in ka zare komai kuma yana nan fa? A nan mai gyaranka ya yi gaskiya. Manyan kapasitocin tace wuta suna bushewa da shekaru, naka kuwa sun doshi 50. Gurnaninsu ya ɗan fi wancan siranta, sau 100 a daƙiƙa, kuma ko ka mayar da murya sifili ba ya raguwa. Ka ce masa ya duba wani gam da Sansui ta liƙe kayan ciki da shi a zamanin. In ya tsufa yakan yi duhu ya ci ƙafafun kayan da ke kusa, dole a kankare shi. Kai dai kada ka sa hannu ciki, kapasitocin nan suna riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Kara kunnenka ma a jikin akwatin. In ƙarar daga ƙarfen take fitowa, kuma sai kana kan inbata take yi, taransifomarta ce ke rawa saboda wutar inbata mai araha ba ta da santsi irin ta NEPA.

Ƙaraf-ƙaraf ɗin kuwa ƙurar hunturu ce da tsatsa a cikin abin murɗawa. A fesa maganin wanke mahaɗar lantarki, irin su DeoxIT, a murɗa shi gaba da baya kamar sau talatin tana kashe. Ban da fetur, ban da man keken ɗinki.