Haruffa masu kaurin ƙafa: sun dace da tambarin sana'ata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sana'ar acca a Jos, ina gyara ta in zuba a leda in kai wa shaguna. Mai zanen da na ba aikin tambari da allon shago ya kawo mini haruffa masu kauri, kowanne da ƙafa mai faɗi kamar an ɗora shi a kan tubali, ya ce sunansu silab serif. Sun burge ni, amma ɗ ɗin da ke cikin kalmar "ɗanɗano" ya fito siriri, bai yi kama da sauran ba. In ci gaba da su ko in canza? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. A ganina mai zanenki bai yi kuskuren zaɓi ba, domin tun asali don talla aka ƙirƙiro irin waɗannan haruffa. Sun fara bayyana a Landan wajajen 1815, a kundin samfuri na wani maƙerin haruffan ɗab'i mai suna Vincent Figgins, lokacin da 'yan kasuwa ke neman rubutun da za a hango a bango tun daga nesa. Daga baya aka fito da wasu salon irinsu, wato Clarendon a 1845 da Rockwell a 1934, kuma idan kika dubi yadda ake rubuta sunan Sony ko Volvo za ki ga 'yan gidan nan ne.

Ƙarfinsu yana cikin ƙafar ne, wadda kaurinta ya kusa kai na jikin harafin, saboda haka babu siririn layin da zai ɓace idan aka buga a leda, kuma wanda ya wuce cikin keke a Titin Ahmadu Bello zai iya karanta allonki kafin ya gifta. Sai dai ki tsayar da su a kan suna da babban take kawai. Nauyin kaya, lambar NAFDAC da ranar lalacewa a rubuta su da haruffa marasa kauri, domin idan aka ƙanƙanta masu kaurin, tawada takan cike ramin haruffa irin su "a" da "e" har su zama dunƙule.

Batun ɗ ɗin ne ya fi damuna. Abin da ya faru shi ne wanda ya zana wannan salon bai saka haruffanmu masu ƙugiya ba, sai kwamfuta ta aro ɗ daga wani salon ta cike gurbin, shi ya sa ya fito bare. Ki sa mai zanen ya rubuta Ɓ, ɓ, Ɗ, ɗ, Ƙ da ƙ a gabanki, babba da ƙarami, domin a tsarin Unicode, wanda kwamfuta ke bi wajen gane haruffa, ƙananan ɓ da ɗ suna wani rukuni daban da na ƙ, kuma samun ɗaya bai tabbatar da samun sauran ba. Idan babu su, ko ya nemo wani salon mai su, ko kuwa, tunda kalmomin tambari ba su da yawa, ya zana ƙugiyar da hannunsa da kauri daidai da na jikin harafin, sannan ya mayar da rubutun zane kafin ya kai maɗaba'a, don kada kwamfutarsu ta sake musanya shi. Kada ki yarda a sa miki d a madadin ɗ don a huta; mai karatun Hausa ya san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa, kuma sunan kayanki ne zai ɗauki aibin.

Ki kuma tambaye shi izinin amfani, domin Rockwell na kamfanin Monotype ne, ana biyan lasisinsa, alhali Roboto Slab da Zilla Slab kyauta ne ko don kasuwanci, amma su ma a yi musu gwajin ƙugiyar. Kafin ki biya kuɗin buga dubban ledoji, ki nemi a buga miki samfuri ɗaya a kan ainihin ledar, ki ajiye ta a kan kantar shago, ki ja da baya taku biyar ki karanta.